Ƙofa Shuɗiya

Na sauka daga trotro a bakin kasuwar Salaga,
takalmina ya tsinke tun ban yi taku goma ba.
Wani yaro ya ɗinke shi da zaren koma,
ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce rana ta yi tsakiya,
in bi gefen inuwa.

Kakata Tabawa ta aiko ni, ita ƙafa ta ƙi.
"Bene ne na katako, ƙofarsa shuɗiya,
daga taga kana hango fitilar jiragen ruwa.
Nan babana ya ƙirga goro, ƙwarya bayan ƙwarya.
Matakala ta bakwai tana kuka."
Iyakar taswirar da na zo da ita ke nan.

Mu a gida Ankara muke ce wa garin nan,
ga shi kuwa ban ankara ba
lungu ya haɗiye ni, ya miƙa wa ɗan'uwansa.
Hayaƙin kifi ya shiga rigata ya yi zamansa.
Bango ya tsufa har gishiri na cin ƙashinsa,
an lulluɓe shi da hotunan mamata,
kowa da ranar jana'izarsa, kowa na murmushi.
A Bukom yara biyu na dambe da safa guda,
ɗaya dama, ɗaya hagu,
akuya na kallo daga kan karyayyen kwalekwale.

Tsohon kurkuku na tsaye, baki ƙulle,
na wuce shi da sauri kamar mai bashi.

Ƙofa kore. Ƙofa ja. Ƙofar kwano mai tsatsa.
Shuɗiya dai babu.

Wata dattijuwa, Naa Ayele, ta ga ina juyi
karo na uku gaban tukunyarta.
Ta ɓare mini dokunu, ta tura barkono,
ta ce da Hausar kasuwa:
"Iskar teku na cin fenti, ɗana. Kankare ka gani."

Na sa makulli.
Ƙarƙashin kore, ruwan ƙasa.
Ƙarƙashin ruwan ƙasa, shuɗi!
Gabana ya faɗi.
Ta yi dariya, ta nuna ta maƙwabta.
Na kankare. Shuɗi.
Ta gaba ma haka.

La'asar ta yi, wani tela ya bar ni na hau benensa.
Ɗaya, biyu... duk kuka suke,
ta bakwai ba ta fi ta uku ba.
Ta taga ga hasumiyar, ja da fari,
ga teku yana wanke abin da ba ya fita.

Na kira Tabawa.
"Ka same shi?"
Na sunkuya, na kara wayar a jikin katako,
na taka.

Shiru, sai numfashinta.

"A'a," ta ce, "ba shi ba ne."
Can kuma:
"Sake takawa."