Mai Karanta Sanarwa

A watan Maris aka miƙo mini takarda,
tawadarta ko bushewa ba ta yi ba.
Na gyara murya, na ce wa mutanen Mindelo:
daga gobe kowa ya zauna inda dare ya same shi,
jirgin ruwa ba zai ƙetara Santo Antão ba.
Na leƙa ta taga.
Teku na nan yadda na bar shi da safe,
shi ba wanda ya sanar da shi.

Shekara goma sha tara ina kan kujerar nan,
bikin wane, rasuwar wance,
akuyar da ta ɓata a Monte Sossego,
ban taɓa rufe gari da bakina ba sai ran nan.

Sai lambobi suka fara zuwa.
Kullum ƙarfe shida: uku, bakwai, goma sha ɗaya.
Na koyi faɗin adadi ba tare da haɗiyar yawu ba.
Nha Guilhermina mai kifi a bakin kasuwa
ta aiko jikanta da 'yar wasiƙa:
"Yarinya, ki daina ƙirga mu kamar ƙwai,
a garin nan kowa ɗan wani ne."
Na rasa amsa. Na liƙa ta jikin agogo.

Otal-otal na Sal suka sallamo yaranmu,
suka dawo da jaka da harsuna huɗu da ba mai saye.
Ƙanena Valdemiro, gwanin ɗaukar kofi shida a hannu ɗaya,
ya koma bin kwalekwalen kawu,
kwana tara yana amai kafin teku ya yarda da shi.
Gangunan kaya daga Rotterdam suka yi shiru,
nan muka gane rabin tukunyarmu
a wata ƙasa ake hura mata wuta.

Majalisar gari ta yi zama ta waya,
awa biyu ana ja-in-ja kan wanke hannu
a unguwar da famfo ke tari sau biyu a mako.
Wani kansila ya manta bai kashe na'urarsa ba,
duk tsibiri ya ji matarsa tana masa faɗa kan gishiri.
Dariyar farko ke nan da muka yi tare.

Ranar zaɓe kowa ya zo da alƙalaminsa daga gida.
'Yan takara sun sha yi mana alkawari,
amma bana ta bayan ƙyalle suka yi,
ko bakin ba mu gani ba, balle haƙori.

Disamba, ranar Talata, lambar ɗaya ce tak.
Ɗaya.
A ƙasanta wani ya rubuta suna da fensir
don ni kaɗai in sani.
Doka ta ce adadi kawai.
Na dubi agogo, na dubi abin da ke liƙe jikinsa,
na ce: Guilhermina Fortes, mai kifi, uwar mutum biyar.
Shugabana ya buga gilashi. Na ci gaba da hasashen yanayi.

Mutum goma aka yarda su raka ta.
Sauran suka tsaya a ƙofofinsu,
tun daga kasuwa har maƙabarta,
ba wanda ya taka doka, ba wanda ya shiga ɗaki.

Fabrairu ya wuce ba kiɗa,
kayan rawar titi suna rataye da gashin tsuntsayensu
kamar kajin da ruwa ya daka.

Yau Maris kuma.
An ce akwatin allura ya sauka, da sanyinsa,
za a fara da tsofaffi; na karanta sau uku.
Ina tattara takardu wani yaro ya ƙwanƙwasa,
takunkuminsa a haɓa, yana haki:
akuyarsu ce, baƙa, mai yankakken kunne.
Na ce masa ja kujera,
faɗa mini sunanta.