Kafin Allura

Kwana uku ke nan ban taɓa allura ba.
Gwaggo Kulu ta ce yadi ba ya son gaggawa.

Ran Talata na sayo shi
wurin Sahabi, a Tsohuwar Kasuwa,
kamu biyu da rabi, fari sol,
yana ƙara kamar sabon kuɗi.
Ta murza gefensa, ta shinshina:
"Wanga bai san kansa ba tukuna. Jiƙa shi.
Yadin da bai sha ruwa ba maƙaryaci na,
yau shi ce miki kamu biyu,
gobe shi tsuke da wahalarki a ciki."

Na jiƙa, na ɗauraye,
sitaci ya fita kamar ruwan gasara.
Ranar Mabera ba ta jiran kowa:
kafin in kife baho ya bushe a igiya.

Laraba, gawayi a dutsen guga,
ina hura toka gefe kada ta sa masa hannu.
Na zare sili guda daga baki zuwa baki
don in ga hanyar da masaƙa ta bi,
almakashi ya bi sawu
bai yi mini gardama ba.

Yau Alhamis ta buɗe adaka,
ta ciro rigar matashi da ta girme ni,
reshen rumman, ganye tara, tsuntsu guda,
jan ya koma kalar goro.
Na manna ta a gilashin taga,
na ɗora takarda, haske ya ratso,
fensir yana bin ɗinkinta a hankali
kamar yaro a bayan mai nuna hanya.

Ganye na bakwai ya karkace.
Na tsaya.
"Kin iso wurin," in ji ta,
ita da yana ta rufe wa ido tun bara waccan.
"Nan fitila ta mutu, daren da Bube ya yi zazzaɓi,
na ƙarasa da hasken wata da rabin hankali."
Na ce zan kwafe shi yadda yake.
"A'a. Miƙe shi.
Wanga kuskurena na, ba gado ba.
Bar wuri ki yi naki."

Na miƙe shi.
Na sa kabon, na soke kusurwa huɗu da fil,
na bi layi ban danna ba,
reshen ya sauka a yadi, shuɗi, siriri
kamar jijiya a bayan hannunta.

Firam ɗinmu ba na kanti ba ne.
Bakin tsoffin rariya biyu ne,
ƙaramar ta sha naɗin tsumma
kada itace ya ciji yadi.
Na ɗora, na danna,
na ja gabas da yamma, kudu da arewa.
Ta miƙo hannu ta ɗalli tsakiya.
Buf.
"Gangarki ta kwana cikin raɓa."
Na sake ja har farcena ya yi fari,
tsuntsun ya buɗe baki, na sassauta kaɗan.

Ta kara kunne, ta ɗalla.
Tan.

Ba ta ce komai ba.
Ta lalubi gefen kallabinta
ta zaro allurar da ke zaune can tun Talata,
ta riƙe ta, ba ta ba ni ba.
"Je ki wanke hannu tukuna,
har yanzu ina jin warin gawayi."