Kati da Tabarma

'Yata Ladingo ta ce, "Baba, je ka huta."
Ta biya mini kwana uku a gungu, tsakiyar Kwara.
Jirgin inji ya ɗauke ni da la'asar
daga bakin kasuwar Yawuri.

Otal ne mai ɗaki ɗari da ashirin,
kowace ƙofa kamar an tsaga kara da 'yar'uwarta.
Suka ba ni kati a madadin mabuɗi,
na tsaya ina lallashin ƙofa
har wani yaro ya zo ya ce, "Alhaji, haƙuri."

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
gwiwata ta gode wa ruwan zafi,
sauro bai ji labarin zuwana ba,
zanin gado fari fat, ya fi gishiri.

Amma ga kogi a gefena, ban ji motsinsa ba,
gilashi ya tsare shi a waje
kamar mai bin bashi.
An gina tafki shuɗi mai kusurwa huɗu
taku goma daga ruwan da Allah ya yi.
A bango an rataye filafili da gora da koma,
an shafe su da mai, an hana su aiki.
Na yi wa maƙwabcin ɗakina sallama,
ya dubi agogonsa, ya ƙara sauri.

Kashegari na ce a mai da ni tudu.
Na nemi zangon da mahaifina ke sauka
zamanin da yake fataucin busasshen kifi.
Yana nan, bayan masu ɗinkin taru,
zaurensa ya duƙa kamar mai ruku'u,
azara ta sha hayaƙin shekara ɗari.

Fatoma Gado bai tambayi sunana ba.
Ya dubi kunnena, ya dubi takuna,
ya ce, "Kai jinin Mani ne, mai jakar fata.
Ya manta butar ƙarfe a nan, ba mu sayar ba."
Aka kawo tuwon shinkafa da romon giwan ruwa,
muka sa hannu mu biyar:
da makanikin jirgi, da Bazabarme mai albasa,
da wani malamin gona da motarsa ta mutu,
kowa ya cika kuɗin kwanansa da labari.

Daren nan sauro ya rama na jiya.
Tabarma ta ƙirga haƙarƙarina ɗaya bayan ɗaya,
Bazabarme ya ja minshari har asuba.
Amma ta tagar da ba ta da murfi
na ji Kwara na hira da cikin jirage,
ƙamshin banda ya shigo ba sallama,
na ji tari a soron gaba, irin na mahaifina,
kamar bai taɓa barin wannan wuri.

Da safe na shiga yabon zango,
ina kushe gungu don in faranta masa.
Gado ya ɗaga hannu: "Bari.
Yaron da ke buɗe ƙofofi a can jikana ne.
Da albashinsa muka yaɓe rufin nan bana,
ba don shi ba, da damina ta riga ka sauka."
Sai ya matso, ya rage murya:
"Da gaske ruwan zafi daga bango yake fitowa?
Shekara hamsin ina yi wa baƙi shimfiɗa,
ban taɓa zama baƙon kowa ba.
Shi ke nan abin da ya rage mini na buri."

Katin na aljihuna, saura kwana ɗaya.
Da la'asar na raka shi bakin ruwa,
ya sa hular sallah, ya damƙe katin kamar laya,
bai ko waiwayo ba.

Ni na koma zaure, na cika butar ƙarfe,
na kunna fitila, na baza tabarma huɗu,
ina jiran wanda dare zai kawo gari.