Ƙofa ta Goma

Yau na kwashe ofishina a Valparaíso.
Shekara talatin da takwas sun shige kwali tara,
har da sauran wuri.
Ta taga na hango jiragen ruwa sun yi sahu a tasha,
sabo turken wawa, sai na kama ƙirga su.

A ƙasan durowa na tsinci wata takardar tambayoyi,
ta yi ja, gefenta ya cinye.
Rubutuna ne, tun hannu bai fara rawa ba,
zamanin da Farfesa Urrutia ya tura mu kan tsauni,
kowa da fensir biyu da kuɗin mota.
Ya ce, kada ku zaɓi ƙofar da ta yi muku fara'a,
ku tsallake tara, ku ƙwanƙwasa ta goma.

Ta goman shuɗiya ce.
Matakala ɗari da sittin na taka kafin in kai.
Herminia ta buɗe, hannunta na ƙarnin kifi.
Na ce, mutum nawa ke kwana a gidan nan?
Ta ce, shida.
Na ƙirga kawuna, biyar.
Ta nuna faranti na shida, a kife kan tebur:
na Anselmo ne, ya fita da kwale-kwale,
shekara uku ke nan, teku bai ce uffan ba.

Ƙa'ida ta ce wanda ya kwana jiya.
Na rubuta biyar.
Ta leƙo. Ba ta karatu, amma ta san biyar.

Daga nan digiri ya bi digiri.
Alli ya ci yatsuna, allo ya sha bayani.
Na koyar da matsakaici,
mutumin nan da ba shi da unguwa,
mai 'ya'ya biyu da ɗigo uku.
Na koyar da yadda cokali ɗaya ke faɗin gishirin tukunya,
muddin an juya miyar.
Na ja kunnen ɗalibai har suka gaji da ni:
don abu biyu sun jera a hanya
ba shi ne ɗaya ya haifi ɗaya ba.
Alƙalumanmu sun taɓa jawo famfo har kan tsaunin nan.
Ba na da-na-sanin wannan aiki.

Sai dai duk ranar laccar tazarar kuskure,
kashi uku sama, kashi uku ƙasa,
nakan juya baya in daɗe ina goge allo.

Ximena, wadda za ta gaji kujerata,
ta shigo da kwandon shara.
Na ce, bar mini wannan, ara mini fensir.

Ban goge biyar ba. Daidai ne.
Can gefe, inda ba a tanadi gurbin amsa ba,
na rubuta: faranti shida.