Bakin Caja

Daren Talata a Valparaíso
kalkuletar Fresia ta yi shiru.
Jiya tana zana mata layuka
masu hawa da gangara kamar unguwarmu,
yau fuskarta baƙi ƙirin.
Jarrabawa kuwa jibi.

Na zazzage aljihun tebur.
Wayoyi sun sarƙe kamar taliya:
ta rediyo, ta injin aski,
wata ma ban san mai ita ba.
Ɗaya ta kusa shiga, na fara dannawa,
Fresia ta riƙe hannuna.
"Baba, a hankali. Ba ƙusa ba ce."

Da safe na gangara matakala ɗari da wani abu
zuwa shagon Don Eleodoro, bayan masu kifi.
Na nuna wata mai sheƙi,
wai tana cika batir kafin shayi ya huce.
Ya gyara tabarau, ya kifa na'urar,
ya ɗora farce kan ƙananan rubutu.
"Karanta. Bolt biyar ta nema.
Ba a ba tsuntsu ruwa da bokiti."

Ya miƙo wata mara kyan gani,
mai baki irin na da.
Kuɗinta bai kai na kifi biyu ba.

Na hau tudu ina haki.
Muka jona. Shiru.
Can sai ɗigon haske, ruwan lemo,
ya buɗe ido a gefe.
Fresia ta ja kujera, ta feƙe fensir.
Ni kuwa na zauna gadin ɗigon nan
har ya koma kore,
har na makara aiki.