Ɗumamen Inna Kuluwa

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara
Baba kan ɗaure kaya bisa rufin Fijo
da igiyar da ba ta taɓa isa ba,
sai an ƙara da ɗankwalin Umma.
Mu huɗu a baya, gwiwa na gugar gwiwa.
Kafin Kazaure Mudi ya yi amai,
kafin Sandamu mun ɓata mun shirya,
mu shiga Daura da magariba,
sanyi ya riga mu sallama.

Ɗakin Inna Kuluwa ba gado a ciki,
tabarma ce, da kasko a tsakiya,
garwashi na lumshe ido yana buɗewa.
Mukan cure cikin gwado ɗaya
mai ƙanshin hayaƙi da man kaɗanya.

Tuwon dare a ci ne kawai a kwanta.
Mu safiya muke jira.

Tun assalatu za ka ji ta,
ƙas, ƙas, tana karya kara a gwiwa,
tana hura wuta, tana tari,
tana yi wa wutar faɗa kamar jika.
Tuwon geron da ya kwana ya daskare
ta yayyanka da bakin mara,
ta sake shi cikin miyar kuka ta jiya,
wadda daddawa ta gama ratsawa
muna can muna barci.

Sai man shanu.
Yana cikin ɗan ƙoƙo a ragaya,
ɗari ya mai da shi dutse.
Takan ƙwaƙulo da babban yatsa,
kamar ƙwayar gurjiya, ba ƙari,
mu zura ido yana narkewa
yana neman hanya zuwa gefen akushi,
kowa na addu'a gefensa ya biyo.

Hannu ya ƙage, ko dunƙulewa ba ya yi.
Kafin loma ta kai baki
yatsu sun riga sun ci nasu rabo.

Baba kuwa,
mutumin da a Zariya sai da cokali,
wanda aji ke miƙewa in ya shigo,
ga shi tsugune, hula a karkace,
ana ce masa: Tanko, ga ƙanzonka.
Ya kare tukunya da kafaɗa
kada mu kai hannu,
Umma ta juya baya tana dariya cikin mayafi.

Da hantsi mu binne dankali a toka,
mu manta, mu tuna, mu tono gawayi.
Cikinsa dai zuma ne.
Mudi ya ƙone harshe shekara uku a jere.
Da la'asar kunun tsamiya,
ludayi ɗaya na zagaya mu.

Ban taɓa ganin ta kai loma ba.
In an ce Inna ki ci,
sai ta ce, ni hayaƙin ya ishe ni.
Na yarda da ita har na yi gemu.

Yanzu ina Katsina, murhuna na gas ne,
ba ya tari, ba a yi masa faɗa.
Na sayo gero, na sayo kuka,
na aika Mai'aduwa aka kawo man shanu,
na bar tuwo ya kwana da gangan.
'Yata Rumasa'u ta leƙa tukunya:
Abba, wannan ba na jiya ba ne?
Ta nemi taliyar leda.

Bara na bi ta gidan.
An shafe tsakar gida da siminti.
Cikin duwatsun murhu uku na ga ɗaya,
an tokare ƙofar zaure da shi,
baƙinsa bai fita ba.
Na duƙa kamar mai gyara takalmi
na ɗora masa tafin hannu.

Yau ma da asuba na zauna ni kaɗai,
na ture cokali gefe,
na tsoma yatsu tun bai huce ba.