Lambar da ke Kan Kwali

A jikin kwali an rubuta dubu bakwai,
megabait a daƙiƙa ɗaya.
Edilberto ya jona faifan a shagonsa
da ke bayan kasuwar San Camilo, a Arequipa,
ya kunna manhajar awo, ya juyo mini allo.
Lambobi suka yi ta hawa kamar farashi,
suka tsaya a dubu shida da ɗari tara.
Ya ce, "Nélida, ga shi idonki ya gani."
Na gani kuwa. Na ƙirga kuɗi na biya.

Da dare na kai shi ɗakin aikin babana,
inda ya bar hotuna dubu ɗari biyu
a tsohuwar kwamfuta mai tarin fanka:
hoton fasfo, hoton baftisma,
'yan makaranta da gashi a kwance da mai,
dutsen Misti sau ɗari, duk daga taga guda.

Minti na farko, sai ka ce an ɓalle famfo.
Allo ya ce saura minti huɗu.
Na ɗora ruwan shayi.
Kafin ya tafasa, allo ya sake magana:
saura awa uku.
Na taɓa faifan, ya ƙona mini yatsa.

Na kira shi a waya, ban ko gaishe shi ba.
Ya ce, "Awon bai yi ƙarya ba.
Gungume ɗaya aka ɗora masa,
yana fanko, jikinsa da sanyi,
aka ce ya ruga na minti guda.
Ke kuwa tsaba kika zube masa,
kowace ƙwaya da sunanta,
sai ya buɗe rajista ya rubuta ya rufe.
Akwai ɗan zaure a bakinsa mai saurin karɓa,
in ya cika, sauran kaya su bi layi."
Na ce, "To me ya sa ba a rubuta wannan a kwali ba?"
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Wa zai sayi lamba arba'in?"

Ashe ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Na ja kujerar babana na zauna.
Sunayen fayil suna wucewa ɗaya-ɗaya,
a hankali har ana iya karanta su.
Ccama, aure. Zegarra, jana'iza.
Wani yaro da akuyarsa.
Wajen ƙarfe biyu saura kwata
na ga sunan mahaifiyata ya gilma,
da shekarar da ba a haife ni ba tukuna.

Da faifan ya cika alkawarin kwalinsa
da ta wuce ban gan ta ba.
Na tsayar da aikin.
Na buɗe.
Tana dariya, iska ta karkatar mata da hula,
shayina ya daɗe da hucewa.